Kafin Ka Ɗauki Wuƙa a Motar Farauta

Agege, ranar Talata da hantsi

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ka a kan titi da cikin daji, ya kare ka daga bakin bindiga da ƙahon dabba da sharrin mutum. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Tun jiya take haɗa maka kaya tana share hawaye, sai ka ce Ilupeju a bayan Makka take.

Za ka yi mamakin ganin takarda a cikin jakar wuƙaƙe, daga hannun mutumin da kuka kwana gida ɗaya. Dalili shi ne duk lokacin da na ɗauko magana sai ka tare ni da, "Baba, no wahala, na iya." To, na san ka iya. Na tsaya a bayanka a kwata na ga yadda kake fiɗar sa, fata ta fita ba huji ko ɗaya, kuma ban taɓa gaya maka ba, amma hannunka ya fi nawa a lokacin da nake shekarunka. Ga tuƙi ka ƙara a kai, ga Yarabanci a bakinka kamar a Ibadan aka yanke maka cibiya. Shi ya sa ɗan marigayi Alhaji Rasaki ya zo har ƙofar gidan nan ya roƙe ni in ba shi kai, ka zauna a gidansa, ka riƙe masa motar farautar mahaifinsa da ya sa aka gyara, da wuƙar yanka gaba ɗaya. Na yi alfahari da kai a ranar. Sai dai akwai abubuwan da motar nan ta koya mini da kunya, kuma ɗaya daga ciki bakina ba zai iya faɗa maka ido da ido ba.

Kai ka san motar a ajiye, tayoyi a sace, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta, tun da wahalar mai da shingayen sojoji suka sa Alhaji ya rataye bindiga. Ba ka gan ta da ƙuruciyarta ba. Ranar da aka fara shigo da ita Agege don a ɗauke ni, mahauta suka bar nama a kan tebur suka fito kallo. Fara sol, doguwa, ga tagogi da labule. Na cire takalmi kafin in shiga, Alhaji yana ta yi mini dariya. A ciki akwai gado biyu da katifa, da murhun gas, da famfo mai zubo ruwa, da fanka, da firji, har da ɗan banɗaki da ƙofarsa. Ni da na taso a ɗakin da muke kwana mu bakwai, sai na tsaya baki buɗe ina salati. Mutanen kwata suka sa mata suna Hajiya, saboda girmanta da yangarta da ƙin hanya mai gargada. Har yau in na tuna wanda ya zauna ya ƙera ta, sai in ce Allah ya ba bayinsa basira.

Alhaji Rasaki Bayarabe ne, manaja a wata masana'anta a Ilupeju, mai son farauta kamar ransa, mai tsoron haram fiye da son farautar. Yakan tafi da baƙi iri-iri, wasu Musulmi, wasu ba Musulmi ba, kowa da bindigarsa. Don haka ya kafa doka ɗaya: duk dabbar da wuƙata ba ta same ta da rai ba, ba za ta shiga firjinsa ba, a bar wa mutanen ƙauye masu cin irinta. Aikina ke nan. In bi mai harbi a baya, in dabba ta faɗi in ruga in yanka. Ya ce da ni a ranar farko, "Sale, ni ina da bindiga, amma kai ne liman a motar nan. Abin da ka ce halal, shi za mu kai gida." Wannan aikin ne ka gada, ba tuƙi ba. Tuƙi ko direban danfo, motar hayar nan, zai yi musu.

Bari in fara da ƙaramar kunya. Tafiyarmu ta biyu, can dajin bayan Iseyin, Alhaji ya bar ni in nuna wa direba inda za a tsaya. Na hango wata inuwar ɗorawa mai kyau a kan gangare, na ce nan. Muka sami gada biyu da zabi, na gyara su tsaf na jera a firji, ina ta hura hanci. Kwana biyu da aka buɗe, wari ya kore mu daga motar gaba ɗaya. Ashe firjin nan na gas ba ya sanyi sai mota ta tsaya daidai, ba karkata ko kaɗan. Alhaji bai yi mini faɗa ba. Faranti ya ɗauko, ya zuba ruwa ya ajiye a ƙasan motar, ya ce in duba. Ruwan duk ya gangara gefe guda. Ya ce, "Hajiya ba ta zama a karkace, Sale. Kai ma in ka aje matarka a karkace, abinci zai lalace."

Saboda haka duk inda kuka sauka, kafin ka shimfiɗa tabarma, aje faranti da ruwa. In ya karkata, ka tona ƙarƙashin taya ko ka sa dutse har ya daidaita. Kuma kar firjin ya ruɗe ka ka manta sana'ar ubanninka. Rabin nama ka yi bandarsa a kan wuta, don gas yana ƙarewa, hayaƙi kuwa ba ya ƙarewa a daji. Kar ka cusa nama da ɗuminsa, ka rataye shi a inuwa ya sha iska tukuna.

Kunya ta biyu ta fi wannan, kuma ita ta haɗa ni da mutumin da nake so ka sani. Motar nan tana da wani sharri a ɓoye cikin alherinta: tana sa mutum ya ga ba ya buƙatar kowa. Gadonka yana tare da kai, ruwanka da wutarka suna tare da kai, to me za ka tsaya yi a ƙauye? Haka muka ratsa ta tsakiyar wani ƙauye wata rana, tagogi a rufe, ina zaune a gaba ina kallon mutane kamar ni ne mai motar. Direba ya ce a tsaya a gaida dagaci, ni na ce rana na yi, a wuce. Muka kafa sansani. Da aka kawo nama, na buɗe famfo na shiga wanke kayan ciki yadda muke yi a kwata, inda ruwa ke zuba ba mai tambaya. Kafin la'asar tankin ya ƙafe ƙaf, ko na alwala babu. Rafin wurin kuwa ya bushe, rani ne.

Ni aka ɗora wa jarka, tunda ni na jawo. Na taka da ƙafa na koma ƙauyen da na hana a gaisar. A bakin rijiya na tarar da wani mutum siriri, da riga mai layu, yana gyaran tarko. Shi ne Baba Lamidi, shugaban maharban wurin. Ya zauna da Fulani, yana jin Hausa daidai gwargwado. Na yi sallama, ya amsa cikakkiya, sannan ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Mun ga gida ya wuce da safe," in ji shi. "Muka ce kai, gida mai kyau, amma masu gidan kurame ne. Ashe kuna magana."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ya sa aka cika mini jarka, ya ɗauki wata a kansa, ya raka ni har mota, ya gaida Alhaji kamar ba abin da ya faru. Daga ranar ya zama jagoranmu. Sanusi, na ga maharba, amma ban ga irinsa ba. Zai kalli ciyawa ya ce maka mazo ya wuce nan da hantsi, namiji ne, yana ɗingishi da ƙafar hagu, kuma in kun bi sai ku tarar haka ne. Bai taɓa harbin mai ciki ba, bai taɓa bari baƙo ya harba ba. Lokacin sallah bai taɓa wuce shi a daji ba, ko da dabba tana gabansa. In ya shigo motar, a bakin ƙofa yake zama, ya ce katifa tana kashe kunnen maharbi.

Don haka ka tsayar da Hajiya a bakin kowane gari, ka sauko ka shiga da ƙafarka. Ko ogan naka ya ce sauri yake, ka ce masa ubanka ya hana. Balle yanzu da zukata ba su gama hucewa ba tun rikicin ƙabilancin da ya faru a kasuwar Mile 12, ga ka Bahaushe, ga bindigogi a bayanka. Sojoji sun koma bariki, amma samari masu tare hanya sun maye gurbinsu. Takardun bindiga su zauna a gaba inda hannu zai kai, gilashi a sauke, gaisuwa ta riga tambaya fita. Yarabancin nan da nake yi maka tsiya a kansa, yau ranarsa ce. Kuma al'adar maharba ce, duk dabbar da aka kashe, ɗaya daga ƙafafun gaba ta mai dajin ce, wato shugaban maharban wurin. Kai za ka yanke ta, kai za ka miƙa da hannu biyu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na yi kwana uku ina kewaya shi.

Kana da shekara shida a lokacin. Muka fita da wani baƙon masana'anta, injiniya daga wata ƙasa mai nisa, mutumin kirki mai yawan murmushi, amma ba ya sallah, ba ya zuwa coci, bai san bisimilla ba. Bayan azahar aka raba hanya. Alhaji da Baba Lamidi suka tsallaka ƙoramar gabas, ni aka ce in bi baƙon ta yamma. Rana ta buɗe sosai a ranar. Na shiga mota don in ɗauko dutsen wasa wuƙa, sai fanka ta buso ni, ga ruwan sanyi a firji, ga katifar Alhaji ba kowa a kai. Na leƙa na yi wa baƙon nuni da hannu ya yi gaba, ina zuwa. A raina na ce wannan da ko zabuwa bai taɓa samu ba, me zai harba? Na kishingiɗa.

Na ji ƙarar bindiga sarai. Ba barci nake ba, kar in yi wa kaina ƙarya a takarda. Na ce ya sake kuskure, bari in ƙarasa ruwan nan. Sai da na ji yana ƙwala kira sannan na tashi na sa takalmi. Kafin in isa, mazo ne ƙato kwance a gindin wata kirya, idonsa ya riga ya dushe, ƙudaje sun fara sauka. Na taɓa gefen ido, bai ƙifta ba. Ni mahauci ɗan mahauci, na san mushe in na gan shi. Baƙon yana ta tsalle, bai san komai ba. Can na jiyo muryar Alhaji suna tahowa. Sai na juya mazon ya kalli gabas, na sa wuƙa.

Jinin bai yi tsartuwa ba. Ya dai gangaro baƙi-baƙi, kaɗan, ya taru a wuri ɗaya. Alhaji ya iso yana haki, ya ga ƙaho ya yi kabbara, ya ce, "Sale, ka same shi da rai?"

Na ce, "Da ransa, Alhaji."

Baba Lamidi bai kalli mazon ba. Ciyawa ya kalla. Ba feshin jini a jikinta, ba inda ƙafafu suka shure ƙasa. Sannan ya ɗago ya kalle ni, ni kuwa na shiga goge wuƙa. Da ake ɗaure dabbar a sanda, ya matso kusa da ni yadda ba mai ji, ya ce, "Sale, daga nan zuwa Legas hanya da nisa. Wuƙarka ce, bakinka ne. Ni ba zan faɗa ba. Kai za ka faɗa."

Hanyar kuwa da nisa. Mun wuce Iseyin, mun wuce Abeokuta, ina zaune dab da firjin ina jin ƙugin motar, Alhaji yana ta yabona wai ƙafata ta fi ta barewa. Sau uku na buɗe baki. Abin da ya rufe shi ba tsoron kora ba ne, don na san Alhaji ba zai kore ni ba. Kunya ce kawai, kar a ce liman ya kwanta a katifar mai gida har dabba ta mutu. Muka iso Agege ban faɗa ba. Alhaji ya raba naman yadda ya saba. Cinya ɗaya ta tafi gidan limamin masallacinsu. Wani kaso ya zo gidan nan, mahaifiyarka ta yi farfesu, ni na ce cikina yana ciwo. Kai ka ci, Sanusi. Ka zauna a kan ƙafata kana tsotsar ƙashi kana ce mini da daɗi. Mahaifiyarka har yau ba ta sani ba.

Na tambayi wani malami daga baya, a kaikaice, kamar labarin wani nake ba shi. Ya ce waɗanda suka ci ba da sani ba, babu komai a kansu, nauyin yana wuyan wanda ya ce halal. Na yi istigfari, ina kan yi. Ban sake zama a mota ana harbi ba, ko sau ɗaya. Na koma ni ne a ɗuwawun mai bindiga, ƙaya ta yayyage ni, har Alhaji yana cewa in rage. Amma ga abin da ya biyo baya.

Shekara tara muka ƙara yi muna zuwa dajin nan. Baba Lamidi bai canza mini fuska ba ko na rana ɗaya. Yakan tarye ni da murna, ya tambayi lafiyarku ɗaya bayan ɗaya da sunayenku. Da maciji ya sare ni, shi ya goya ni a bayansa har mota. In na miƙa masa ƙafar gaba, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, sai ya aika da ita gidan maƙwabcinsa mai bautar gargajiya. In na gasa tsire a bakin mota aka zauna ci, shi sai ya ciro gasasshiyar doya daga jakarsa, ya karɓi shayina, ya karɓi burodina, nama kuwa ya ce haƙori ke damunsa. Alhaji ya yi ta tsokanarsa wai maharbi ba haƙori. Ni kaɗai na san haƙoransa lafiya lau, don na sha ganinsa yana cin zomon da ya yanka da hannunsa. Bai tona ni ba, bai kuma ci ba. Jira yake in faɗa wa Alhaji. Kullum ina cewa sai tafiya ta gaba, har aka ajiye motar, har aka kira ni wata Juma'a aka ce Alhaji ya rasu. Na ɗauki makararsa da kafaɗata, maganar tana cikina.

Ban taɓa jin haushin Baba Lamidi ba. In za a tambaye ni mutumin da ya fi kowa cika a cikin waɗanda na sani, shi zan nuna, Bayaraben ƙauye mai riga da layu. Ya rufa mini asiri, bai kuma sayar da gaskiya don ya faranta mini ba. Ban san yadda mutum yake haɗa biyun nan ba, amma na ga ya haɗa.

To ka ji. In bindiga ta fita daga mota, ka fita tare da ita. Hajiya wurin kwana ce da ajiyar nama, ba wurin jiran harbi ba. Kar ka raina mai harbi, wanda bai iya ba shi ne yake samu ranar da ka kwanta. Wuƙa biyu a jikinka, a wase. In kuma ka yi iya gudunka ka tarar rai ya fita, wannan ba laifinka ba ne, kowane mahauci yana makara. Ka miƙe tsaye ka ce, "Oga, mushe ne." Zai ɓata rai, baƙonsa zai ɓata rai, ƙila a yi maka shiru har Legas. Ka jure. Nama in ya shiga firjin nan ya fito da sanyinsa, ba malamin da zai iya bambance shi, mutane bakinka kawai za su ci.

Na bincika wurin masu kawo doya Mile 12, sun ce Baba Lamidi yana nan da rai. Ya tsufa ƙwarai, ba ya shiga daji, ɗansa ne zai yi muku jagora. Gwiwoyin nan nawa ba za su kai ni ba. Ɗan Alhaji kuwa, ni zan je Ilupeju da kaina in gaya masa abin da na kasa gaya wa ubansa, wannan ba kayanka ba ne. Naka shi ne wannan: dabbar farko da ka yanka da ranta, ka cire ƙafar gaba, ka gasa wuri mai laushi da hannunka, ka taka har ƙofar Baba Lamidi. Ka durƙusa ka ce kai ɗan Sale ne na Agege. Ka ce masa Sale ya faɗa, ko da yake ya makara. Sannan ka aje naman a gabansa, ka ce kai ka yanka, kuma da ranta ka sami dabbar. Kar ka roƙe shi, kar ka rantse. Zai kalle ka, shi ya san abin da yake dubawa.

Ko me ya yi, ka dawo ka gaya mini gaskiya, kar ka gyara don ka ji tausayina.

Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Allah ya tsare tayarku daga rami, ya tsare ƙafarka daga maciji, ya sa ka fi ƙarfin katifa. Allah ya jiƙan Alhaji Rasaki ya yafe mini haƙƙinsa. Allah ya yi maka albarka, ya tsarkake wuƙarka da harshenka. Kuma ya Allah, in yaron nan ya aje naman a gaban tsohon, ka sa ya miƙa hannu ya ci.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Sale Mahauci